Motar Ikkilisiya: A San Inji Kafin A Sayi Kayan Gyara

A harabar wasu majami'unmu na Gusau da Tsafe da Bungudu, akan tarar da tsohuwar mota ƙirar Peugeot, wadda muka fi sani da Fijo, tana fake a gindin darbejiya, tayoyinta sun sace, kaji sun mai da ƙarƙashinta wurin saka ƙwai. Wata salun ce, wata wagon, wata kuwa a-kori-kura. A zamaninsu su ne suka kai masu bishara ƙauyuka, suka ɗauki Zumuntar Mata zuwa taro, suka kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kana darajar Naira ta faɗi ƙwarai a watannin da suka biyo baya, sayen sabuwar mota, kai ko da 'yar Kwatano ce, ya fi ƙarfin ƙananan ikkilisiyoyi. Saboda haka dattawa suka fara waiwayar tsohuwar da ke gindin itace, suna tambaya ko za ta tashi. Sau da yawa za ta tashi. Amma akwai ramin da kuɗin baiko ke faɗawa tun kafin a kwance noti ɗaya, shi ne sayen kayan gyara ba tare da an san ko wane irin inji ne ke cikin motar ba. Wannan shi ne abin da za mu duba, domin amfanin kwamitocin ikkilisiya da ma duk ɗan'uwan da ya gaji irin wannan mota.

Yadda Fijo ta zama motar gida

Kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ya fito da 404 a shekarar 1960, sa'an nan 504 a 1968, wadda aka zaɓa gwarzuwar motocin Turai ta 1969. Ƙarfin ƙafarta a kan mummunar hanya ya sa ta yi suna a Afirka, har ta lashe gasar tseren Safari ta ƙasar Kenya a 1975. A wannan shekara ce kuma masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motocin Peugeot. Daga baya 505 ta fito a 1979, bas ɗin nan J5 kuma a 1981.

A Faransa an daina ƙera salun ta 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da harhaɗa ta har tsakiyar shekarun 2000. Ke nan motar da ake kira 504 ta yi kusan shekara 40 ana yin ta, a ƙasashe daban-daban, da injuna daban-daban. Yanzu ba a ƙera ta a ko'ina. Wanda ya je shago ya ce a ba shi “kayan injin 504” kamar wanda ya shiga kasuwar Tsafe ne ya ce a auna masa hatsi, bai faɗi ko gero ko dawa ko maiwa ba.

Suna ɗaya, inji daban-daban

Abubuwa biyu ne ke nuna girman inji. Na farko faɗin ramin da fistin ke kai da kawowa a ciki, watau silinda. Na biyu nisan tafiyar fistin daga sama zuwa ƙasa, wanda karanshaf ke ƙayyadewa. Duka biyun da milimita ake auna su. Injunan fetur da aka fi samu a tsofaffin Fijo 'yan gida ɗaya ne, su uku:

Na ɗaya, XC, mai girman cc 1618. Faɗin silinda milimita 84, tafiyar fistin milimita 73. Shi ne injin 404, an kuma sa shi a wasu a-kori-kura na 504.

Na biyu, XM, mai cc 1796, wanda ake kira 1.8. Faɗin silinda milimita 84, tafiyar fistin milimita 81. Da shi 504 ta fara fitowa a 1968, daga baya aka yi masa gyare-gyare aka kira shi XM7.

Na uku, XN, mai cc 1971, wanda ake kira 2.0. Faɗin silinda milimita 88, tafiyar fistin milimita 81. Ya shigo a 1970. Mai kafireto shi ne XN1. Akwai kuma XN2 na motar da aka rubuta wa TI, wanda ba ya da kafireto, famfon Kugelfischer ne ke fesa masa fetur.

Mai karatu ya lura da yadda lambobin suka sarƙe. XC da XM faɗinsu ɗaya, tafiyarsu ta bambanta da milimita 8. XM da XN tafiyarsu ɗaya, faɗinsu ya bambanta da milimita 4, watau kamar ƙwayar dawa guda. Daga waje kuwa dukansu sun yi kama: kowanne silinda huɗu ne, kowanne a kishingiɗe yake a gefe ɗaya, jikinsa na baƙin ƙarfe, kansa na alminiyam. Ido kaɗai ba zai raba XM da XN cikin sauƙi ba, musamman idan maiƙo da ƙura sun rufe su.

Ga wani tarko kuma a cikin 505. Wasu 505 suna ɗauke da XN1 ɗin nan na 504. Wasu kuma suna da wani inji na dabam sarai, wanda aka ƙera a masana'antar Douvrin da ke arewacin Faransa: ZEJ mai cc 1995, da ZDJ mai cc 2165. XN da ZEJ duka “2.0” ake ce musu, har faɗin silindarsu ma ɗaya ne, milimita 88, amma ba dangi ba ne. Injin Douvrin jikinsa duka alminiyam ne, kuma bel mai haƙora ne ke juya sandar da ke buɗe bawul, alhali XN sarƙa yake amfani da ita.

Masu shan gas, watau dizal, su ma gida guda ne mai 'ya'ya da yawa: XD88 mai cc 1948, XD90 mai cc 2112, XD2 mai cc 2304, da XD3 mai cc 2498. Famfon mansu wani na Bosch ne, wani na Roto-Diesel, kuma kayan cikin ɗaya ba sa shiga ɗayan.

Ita kuwa J5 mai shan fetur, injinta daga gidan XM da XN ya fito, amma a gicciye aka ɗora shi domin ƙafafun gaba yake ja. Don haka kayan da ke manne a jikinsa daga waje, kamar maɗaurai da bututun hayaƙi, ba lalle su dace da na 504 ba.

Me ya sa takarda ba ta isa ba?

Wani dattijo zai ce, ai takardun motar suna nan a akwatin ma'aji, a duba mana. Takardu suna da amfani, amma abin da suke faɗi shi ne injin da motar ta fito da shi ranar da aka yi mata rajista. Motar da ta shekara 30 ko 40 a kan hanyoyinmu ta wuce hannun kanikawa masu yawa.

Tun daga 1986, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP, sababbin kayan gyara suka yi tsada, tsofaffin injuna na gwanjo daga Turai suka cika kasuwanni. Idan inji ya buga, abin da ya fi sauƙi shi ne a sauke shi a ɗora wanda aka samu. Tun da XC da XM da XN 'yan gida ɗaya ne, bakanike mai dabara yakan zaunar da ɗaya a gurbin ɗaya. Wani lokaci ma jikin injin na wata mota ne, kansa na wata, kafireto na wata. Haruffan da ke bayan but, GL ko GR ko SR, sun fi nuna irin ƙawar motar, kuma duk mai so yana iya saye ya manna.

Bari mu yi misali. A ce wata ikkilisiya tana da wagon, takarda ta ce 2.0 ce. An tara kuɗi daga godiyar kaka, an tashi wani matashi zuwa Kano, ya sayo fistin da silif da ringi da gasket na milimita 88. Da aka buɗe inji sai aka tarar na milimita 84 ne, wanda aka ɗora shekaru da suka wuce, ba wanda ya tuna. An riga an yage kwali, an taɓa kayan da hannu mai maiƙo, mai shago ba zai karɓa ba. Ga kuɗin mota zuwa da dawowa. Ga kuma maganganun da za su biyo baya a taron majalisa, inda za a fara zargin matashin, ko bakanike, ko ma'aji, alhali ba wanda ya ci kwabo. Rashin awo ne kawai.

Wannan ma da sauƙi, domin kayan sun ƙi shiga, an gane da wuri. Mafi muni shi ne kayan da za su shiga alhali ba nasu ba ne. Gasket na milimita 84 idan aka ɗora shi a kan silinda mai 88, bakinsa yakan leƙo cikin wurin da wuta ke ci. Motar za ta tashi, kowa ya yi murna, amma wuta tana cin bakin gasket ɗin a hankali har ranar da ruwa zai haɗu da baƙin mai.

Matakai huɗu kafin a fitar da kuɗi

Mataki na farko, a wanke. A sami kananzir da tsohon buroshi a wanke jikin injin sosai, domin lambar da ake nema tana ƙarƙashin dattin shekaru.

Mataki na biyu, a duba da ido. Akwai filogi da wayoyinsu? To na fetur ne. Idan bututun ƙarfe sirara ne suka fito daga famfo zuwa nozul, babu wayoyin filogi, na gas ne. A ɗauki maganaɗisu, ko na tsohuwar lasifikar rediyo ne, a manna a jikin injin ƙasa da kansa. In ya kama, baƙin ƙarfe ne. In ya ƙi kamawa, alminiyam ne, watau injin Douvrin. A duba kafireto a karanta sunan da ke jikinsa, Solex ne ko Zenith, maƙogwaronsa ɗaya ne ko biyu, a kuma kwafe lambar da ke jikinsa. Haka za a yi wa distiributa, domin kwantak da murfi na kamfanin Ducellier ba lalle su zauna a kan na wani kamfani ba.

Mataki na uku, a karanta. Akwai lamba iri biyu, kada a gauraya su. Lambar shasi tana kan farantin da kamfani ya kafa a jikin mota, ita ke nuna motar kanta. A motocin da aka yi daga wajen 1981, haruffa da lambobi 17 ne, kuma na Peugeot ƙirar Faransa da VF3 suke farawa. Lambar inji kuwa a jikin injin take. In ta dushe, a ɗora farar takarda a kai a goga fensir, ko a shafa alli a share sama-sama, sai ta fito. A gwada ta da wadda ke cikin takardun mota. In sun yi daidai, alama ce mai kyau. In sun saɓa, an taɓa canza inji. In kuwa an ga alamar an kankare lambar da gangan, a dakata, a bincika asalin injin, kada ikkilisiya ta wayi gari da kayan sata a harabarta.

Mataki na huɗu, wanda ya fi duka, a auna. Tun da gyaran ya kai ga buɗe inji, a biya bakanike ladan buɗewa tukuna, sayayya ta biyo baya. Idan an ɗaga kan injin, a sa ma'aunin ƙarfe mai nuna milimita a bakin silinda: 84 ne ko 88? Sa'an nan a auna nisan da fistin ke sauka daga can sama zuwa can ƙasa: 73 ne ko 81? Waɗannan lambobi biyu sun isa su faɗi sunan injin. 84 da 73, XC ne. 84 da 81, XM ne. 88 da 81, XN ne.

A nan akwai gargaɗi. Silindar waɗannan injuna silif ce da ake zurawa, ruwan lagireto yana zagaye ta, kan injin ne ke danne ta. Idan an cire kai aka juya karanshaf haka kawai, fistin yana iya ɗago silif daga mazauninta, abin da ya toshe ƙasanta ya lalace, daga baya ruwa ya riƙa zuba cikin baƙin mai. Ƙwararren bakanike yakan danne su da ƙusoshi da faffaɗan wasa kafin ya juya. Wannan tsari na silif shi ne kuma albarkar injin, domin ana iya zare tsofaffi a zura sababbi tare da fistin da ringinsu, inji ya koma kamar sabo.

Kada a manta da ƙasan injin. Karanshaf ɗin da ya daɗe yana aiki mai yiwuwa an taɓa kai shi wurin masu injin gyaran ƙarfe an rage masa kauri. Irin wannan yana bukatar metal mai kauri fiye da na asali. A duba bayan tsohon metal, akan sami lamba a wurin, a kuma auna karanshaf ɗin kansa. Masu tsohuwar 404 ƙwarai su ƙirga mazaunan karanshaf, domin injunan farko uku gare su, daga 1964 aka mai da su biyar.

A kasuwa

Manyan wuraren da ake neman irin waɗannan kaya sanannu ne: Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Ladipo a Legas, da Nnewi a Jihar Anambra. Kafin a yi nisa, a fara tambaya a shagunan Gusau da Funtuwa. Ko ina za a je, a tafi da abu uku: takardar da aka rubuta awo da lambobi, hotunan injin a waya, da tsofaffin kayan da aka cire, watau fistin ɗaya, silif ɗaya, tsohon gasket da metal. A ɗora sabo a kan tsoho a gaban mai shago. Ramukan gasket su hau kan juna. Fistin a gwada faɗinsa da tsawonsa da wurin da fil ke ratsa shi, gama faɗi ɗaya bai tabbatar da cewa kaya ɗaya ne ba, kamar yadda muka gani tsakanin XC da XM.

Idan mai shago ya ce duk ɗaya ne, zai shiga, a yi masa godiya, a ce a bari a gwada. Yawancinsu ba mugunta suke nufi ba, wasu yara ne da aka haifa bayan an daina yayin motar. A nemi rasit mai ɗauke da sunan kaya da girmansu, a kuma yi magana tun kafin biya cewa in bai dace ba za a dawo da shi cikin kwalinsa. Mutum biyu su tafi, bakanike da wakilin ikkilisiya. Wannan kariya ce ga sunan kowannensu.

A kuma nemi tsofaffin kanikawan Fijo tun suna raye. Da yawansu maƙwabtanmu Musulmi ne da muka daɗe muna zaman mutunci da su, sun yi shekaru suna kwance waɗannan injuna har sun san su kamar yunwar cikinsu. A girmama su, a biya su hakkinsu, a kuma tura matasanmu su koya a wurinsu.

Abin da ya fi kuɗi

Da a ce asarar kuɗi ce kaɗai, da sai a ce Allah ya mayar da alheri. Amma duk mai bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau, ta Tsafe da 'Yandoto da Kwatarkwashi, ya san halin da 'yan bindiga suka jefa yankin a 'yan shekarun nan. A da, idan mota ta lalace a hanya, akan tura ta gefe, a aika gari a kira bakanike, ko a kwana a wurin. Yanzu motar da ta yi zafi ta tsaya a daji da la'asar sakaliya, ɗauke da mata da yara masu dawowa daga taro, magana ce ta rai. Gasket ɗin da aka ce zai shiga ba ya zaɓen wurin da zai ƙone.

Saboda haka bayan an gama gyara, kada a ɗora mata doguwar tafiya nan take. A yi kwanaki ana zagayawa da ita cikin gari, ana duban ruwa da baƙin mai kowace safiya. In mai ya koma kalar koko, ko ruwa yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba, a koma gareji. A tambayi bakanike lokacin da za a dawo a sake ɗaure ƙusoshin kan injin da canza mai, a kuma cika alkawarin.

Littafin mota

A cikin Bishara ta hannun Luka, sura 14, Ubangijinmu ya yi misali da mai niyyar gini, wanda ya kamata ya zauna ya yi lissafi tukuna, don kada ya kafa tushe ya kasa gamawa. Maganar a kan bin sa take, amma hikimar ta shafi duk wanda aka damƙa wa amana. Kuɗin da za a gyara motar nan daga hannun gwauraye da manoma da 'yan ƙwadago ya fito. Wata tiyar masara ta sayar ta kawo.

Don haka muna ba kowace ikkilisiya shawara ta sayi littafi guda, irin na 'yan makaranta ma ya isa, a rubuta masa “Littafin Mota”. A shafin farko a sa lambar shasi, lambar inji, sunan injin, faɗin silinda, tafiyar fistin, girman metal, irin kafireto da distiributa, ko famfon gas. A shafukan gaba a riƙa rubuta kowane gyara da ranarsa da kuɗinsa, a manna rasit. In an canza inji, a rubuta, a ajiye rasit ɗinsa, a je ofishin lasin a gyara takardu. Ana yi wa fasto canjin wurin aiki, ma'aji yakan sauka, direba yakan tsufa, amma littafin yana nan, kwamitin da zai zo bayan shekara 10 ba zai fara daga duhu ba.

Akwai kuma ranar da awo zai nuna cewa jikin injin ya tsage, ko shasi ya ruɓe, gyaran ya fi ƙarfin aljihu. In haka ta faru, a faɗa wa jama'a gaskiya a gaban kowa, a sayar da motar ga masu neman kayanta, kuɗin ya shiga wani aikin. Wannan shawara ma sai an buɗe an auna ake iya yanke ta.

Ubangiji ya ba dattawanmu hikima, ya sa albarka a hannun masu gyara, ya kuma tsare dukan matafiya a hanyoyin Zamfara. Amin.